Kajin Da Kwamfuta Ta Ce Lafiyarsu Ƙalau

Auta,

Sallama daga yayarka, da fatan tekun nan bai gama jijjige maka hanji ba. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi wa mutane faɗa a tsaye, ka ga kuwa an samu lafiya. Ta ce in tambaye ka ko ana ba ku abinci mai zafi a kan ƙarfen haƙo man nan da kuke zaune a tsakiyar ruwa. Tunda waya ba ta samunka sai an yi sa'a, ga takarda, ka karanta in jirgin kayanku ya kawo.

Ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki biro ba. Ka san gidan sanyin da nake aiki, inda muke ajiye daskararrun kaji da kifi muna raba wa otal-otal da asibitoci. To, an kawo mana sabuwar manhaja daga hedikwata. Yanzu ba na fitar da kwali ko ɗaya sai na buga lambarsa a kwamfuta ta ce min lafiyarsa ƙalau. Aikin ya yi sauƙi, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai a ƙasan allon akwai wata 'yar taga da rubutu ke gudu a cikinta yini guda, layi bayan layi, wasu farare wasu rawaya. Mai kula mana da kwamfutoci ya ce sunan abin log. Wannan bawan Allah Kashe-Kunna muke ce masa, don duk abin da ya lalace maganinsa ke nan, ko da fanka ce. Na tambaye shi me rubutun ke cewa, ya ɗaga kafaɗa ya ce inji ne ke surutunsa.

Manajanmu kuwa, Mai Turare, abin ya tsaya masa a wuya. Mutum ne da ke aiki a gidan kifi amma ba ya son a ji ƙarni a jikinsa. Sai ya yi wanka da turare ya shigo, ƙarni da turare su haɗu su haifi wani abu na uku mai tayar da zuciya. Ya ce in baƙi daga hedikwata suka ga rawaya a allona, za su ce reshensa ne ke da matsala. Kullum sai ya tsaya a kaina yana nuna layukan da bakin biro, sai ka ce ni na rubuta su.

Na kwafo maka guda uku da suka fi yawan fitowa, na juya su yadda na fahimta. Ɗaya yana cewa ba a samu abu a kesh ba, an ɗauko daga babbar ma'ajiya. Ɗaya yana cewa wa'adin abu a kesh ya cika. Na ukun yana cewa kesh ya cika, an fitar da tsoho don sabo ya samu wuri. Mene ne kesh ɗin nan, kuma wani abu ne ke shirin lalacewa? Mun sha wahalar karatunka, yau ga ranarka.

Yayarka


Yaya,

Na amsa sallama, na kuma gode Allah da gwiwar Inna. Ki ce mata ana ba mu abinci mai zafi, sai dai mai dafawar bai taɓa jin labarin gishiri ba. Ni lafiyata ƙalau, ban da kunnena da ƙarar injuna ta kusa toshewa.

Tambayarki ta ba ni dariya, don ke ce kika taɓa cewa karatuna na danne-danne ne kawai. To, ga bayanin. Kin san yadda Inna take in tana zaune a kan tabarma aka tambaye ta ko akwai sauran sukari a sito. Ba ta tashi. Daga inda take za ta ce akwai, don ɗazu ta leƙa ta gani. Kesh ke nan. Babbar ma'ajiyar bayananku tana hedikwata, nesa da ku, kuma da a ce duk lambar da kika buga sai an je can an tambayo, da kin tsufa a kan kujera. Shi ya sa manhajar ke riƙe kwafin amsoshin da aka ɗauko kwanan nan a kusa da ke, ta riƙa ba ki daga nan.

Layinki na farko yana nufin an tambayi Inna abin da ba ta leƙa ba, ta aiki wani ya dubo. Na biyu, ta ce ta daɗe rabonta da leƙawa, ba za ta amsa da ka ba, a je a sake dubawa. Na uku kuma kanta ne ya cika, ta saki tsofaffin amsoshi don ta riƙe sababbi. Inji mai irin wannan surutun aikinsa yake yi. Waɗannan ukun kada su hana ki barci. In kin ga wani iri daban, ki kwafo min shi yadda yake.

Kashe-Kunnanku kuwa ya ba ni haushi tun daga nan. Mutum yana cin albashi a kan inji, injin yana yi masa magana da rubutu ƙarara, shi kuma yana ce masa surutu. Irinsa muna da su nan ma, ƙyamar karatu suke kamar an ce su taɓa kashi.

Ki gaishe min da yaran. Ki ce wa babbar in ta ci jarrabawarta, alkawarinmu yana nan.

Autanku


Auta,

Gaisuwa a tsaitsaye, direba na jira ya kai wannan wurin masu jirginku. Kowa lafiya. Inna ta ji abin da ka kwatanta ta da shi, ta ce ubanka ne inji.

Ka fitar da ni kunya. Da Mai Turare ya zo ya tsaya a kaina da bironsa, na ce masa ƙanena injiniya ne a teku, ya ce maganar kesh ba komai ba ce, alamar lafiya ce ma. Ka ga fuskarsa kuwa? Nan take ya kira Kashe-Kunna ya ce tunda masana sun tabbatar ba komai ba ne, a kawar masa da duk layin da ke da kalmar kesh, kada ya sake gani. Kashe-Kunna ya danna nan ya danna can, a karon farko ya yi aiki bai kashe komai ba. Yanzu tagar fes take, ba rawaya ko ɗigo. Baƙin hedikwata sun zo sun tafi, har suka yaba.

Na samu lafiyar wuyana, ba mai numfashi a kaina. Allah ya yi maka albarka.

Yayarka


Auta,

Ban san ko kana lafiya ba, don shirunka ya yi yawa. An ce min iska ta hana jirgin kayanku zuwa. In haka ne, Allah ya tsare. In kuma ƙiwar rubutu ce, ka ji abin da ya same ni kana can kana shan iska. Inna lafiya, amma ba ta san komai ba, kuma ba na son ta sani. Da safe nakan shirya in fita kamar mai zuwa aiki, in je gidan ƙawata in zauna.

An dakatar da ni.

Wata babbar mota ta kawo mana kaji. Ashe a hanya injin sanyinta ya mutu, kajin suka narke suka yi ɗumi a cikin kwalaye, sannan aka gyara suka sake daskarewa. Da suka iso tamau suke kamar dutse, ba wari ba komai, aka shigar da su a matsayin masu lafiya. Bayan haka hedikwata ta duba na'urar zafin motar ta gano abin da ya faru, ta sa wa kayan takunkumi a manhaja, wato kada a fitar. Haka suka ce. Ni dai da odar asibiti ta zo, na buga lambar, allona ya ce lafiya ƙalau, na sa hannu aka loda.

Allah ya saka wa babbar kukun asibitin nan da alheri. Ta zuba kajin a baho su narke, kafin rana ta ɗaga kicin ɗin ya gagari shiga. Ba wanda ya ci, marasa lafiya Allah ya kiyaye su. Ta sa aka maido mana da kayan a buɗaɗɗiyar mota cikin zafin rana. Auta, na shekara da shekaru a cikin ƙarni, na ɗauka ba abin da zai sake tayar min da zuciya. Fatar kajin ta yi kore-kore tana yauƙi, kwalayen sun jiƙe suna ɗigar da wani ruwa mai ja-ja, ƙudaje kuwa kamar an yi musu gayya. Da masu lodi suka ɗaga kwalin ƙasa sai gindinsa ya ɓalle, abin ya zube min a kan takalmi. Na yi amai a bakin kwata gaban kowa. Takalmin a can na bar shi.

Duk da haka ba kajin ne suka fi ba ni ƙyama ba. Mai Turare ya fito da hankici a hanci, ya tsaya can nesa, ya ce a gaban ma'aikata wai shi dama ya daɗe yana lura da sakacina. Ya rubuta wa hedikwata cewa takunkumin yana nan tun kafin in fitar, don haka na gani na take. Su kuma suka duba nasu allon suka ga haka ne, takunkumin ya riga sa hannuna. Na rantse na maya ban ga komai ba, aka ce kwamfuta ba ta ƙarya. Kashe-Kunna yana tsaye yana kallon silin. Mutanen da muke cin abinci a kwano ɗaya yanzu in sun hango ni sai waya ta kama su, su kara ta a kunne su wuce.

An kafa kwamiti, za su zo daga hedikwata su saurare ni. In suka tabbatar da laifin, korata za a yi da takardar da ba wani gidan abinci da zai sake ɗaukata, a ce ni ce matar da ta aika wa marasa lafiya ruɓaɓɓen nama tana sane. Ni ke riƙe da yaran nan da Inna, ka sani. Kai ka ce min ba komai ba ne. To ka gaya min yadda allo biyu na manhaja ɗaya za su faɗi magana biyu.

Yayarka


Yaya,

Wasiƙunki biyu tare suka iso, jirgin sai yau ya samu matsowa. Lafiyata ƙalau, kada ki ƙara wannan a kan damuwarki. Na fara karanta gajerar, tun kafin in buɗe ta biyun na san abin da zan tarar.

Layi uku kika turo min, a kan ukun na yi magana. Ban ce a rufe bakin injin ba. Ba faɗa nake miki ba, ke kin faɗi abin da kika fahimta don a daina tsaya miki a ka. Wanda ya ji rabin magana ya mayar da ita doka saboda baƙi, da wanda ya aiwatar bai ko tambaya ba, su ne suka ba ni ƙyama. Wannan ba gyara ba ne, shafa hoda ce a kan miki.

Akwai layi na huɗu wanda ba ki taɓa gani ba. In hedikwata ta canja wani abu, kamar wannan takunkumin, takan aiko wa reshe saƙo cewa kwafin da ke hannunku ya tsufa, ku yar ku ɗauko sabo. In saƙon ya kasa shiga, ko aka je ɗauko sabon aka kasa, manhajar takan rubuta cewa an kasa sabunta kesh, ana ci gaba da nuna tsohon kwafi. Wato an kwashe sukarin daga sito, ba wanda ya gaya wa Inna, tana ta ce wa mutane akwai. Allon hedikwata gaskiya ya faɗa, naki ma ya faɗi gaskiyar da ta wuce. Ina da yaƙinin injin ya yi wannan gargaɗin. Sai dai shi ma da kalmar kesh a cikinsa, don haka an share shi daga tagarki tare da sauran.

Ga abin da zai fisshe ki. Abin da Kashe-Kunna ya yi ɓoyewa ne, ba gogewa ba. Asalin log ɗin yana nan a babbar kwamfutar reshenku, wadda ke cikin ɗakin da ake kullewa. A gaban kwamiti kada ki tsaya rantsuwa. Ki ce a buɗe cikakken log na reshe, ba na hedikwata ba, wanda ba a tace ba, daga ranar da aka sa takunkumin zuwa ranar da kika fitar da kayan. Ki ce a nemo duk layin da ya ce an kasa sabuntawa, a kuma duba abin da aka nuna wa allonki da kika buga lambar. Ki nemi a yi shi nan take kina tsaye. Irin wannan rubutun ba ya dawwama, in ya taru sabo yakan hau kan tsoho, kuma wanda ya san abin da ke ciki yana iya taimaka masa ya ɓace. Kada ki faɗa wa kowa a reshen kafin ranar.

Na roƙi matuƙin jirgin ya miƙa wannan da hannunsa. Ki ci abinci, na san halinki in ranki ya ɓaci.

Autanku


Auta,

Ina gaishe ka, ina kuma neman afuwar zafin da na sauke maka. Muna lafiya. Babbar ta ci jarrabawarta, ka shirya alkawarinka. Takardarka ta same ni ana gobe kwamiti zai zauna, na karanta har na haddace.

Mutum uku suka zo, shugabarsu wata mace ce mai tabarau, ba ta dariya ba ta ɗaure fuska. Mai Turare ya yi jawabinsa, ofishin ya cika da ƙamshinsa har kaina ya sara. Da aka zo kaina na faɗi abin da ka ce, kalma bayan kalma. Ya yi dariya ya ce ashe mai sito ta zama injiniya. Mai tabarau ba ta kula shi ba, ta ce a kawo makullin ɗakin. Kashe-Kunna ya ce bari ya fara kashewa ya kunna don ta yi sauri. Ta ce masa in ya taɓa maɓallin nan, shi za a saurara maimakona.

Yana nan, Auta. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Layin nan naka na huɗu a jere yake shafi bayan shafi, tun daga ranar takunkumin, an kasa sabuntawa, ana nuna tsohon kwafi. Injin ya yi ta kira kamar mai buga ƙofar gidan da ya kama da wuta, mu kuma mun toshe kunne don kada baƙi su ji. Har wurin da na buga lambar aka samu, ga amsar da aka ba ni, lafiya ƙalau, daga kesh. Da aka tambayi wanda ya sa a ɓoye, Mai Turare ya ce shawarar ƙanena ce. Mai tabarau ta tambaye shi ko ƙanena ma'aikacinsu ne.

An wanke ni, da takarda da hatimi. Amma ka ji yadda aka rubuta: matsalar na'ura ce, ba laifin kowa ba. An maido da rawayar a tagata, an ja kunnen Kashe-Kunna, Mai Turare yana kan kujerarsa. Na haɗiye, na ce ai aikina nake nema, na samu. Na koma, waɗanda waya ke kamawa suka zo suna min barka.

Abin da ban gaya maka ba, ba duka kajin motar aka kai asibiti ba. Sauran suna nan a ɗakin sanyi na ƙarshe, tamau da su. Ranar da na koma, Mai Turare ya kira ni da fara'a ya miƙo min oda, a fitar da su ga masu soyawa a bakin titi da ƙananan gidajen abinci, a farashi mai sauƙi. Na ce ai suna ƙarƙashin takunkumi. Ya ce in je in duba. Na buga lambar, allo ya ce lafiya ƙalau. Na kalli tagar ƙasa yadda ka koya min, ko tsohon kwafi ne. Ba tsoho ba ne, sabo ne fil, yanzun nan aka ɗauko daga hedikwata. Ashe shi ya rubuta musu cewa ya bincika da kansa, kwalayen bakin ƙofa ne kawai suka lalace, su ne aka kai asibiti, sauran garau suke. Wani can da bai taɓa shinshina su ba ya danna ya cire takunkumin.

Ya ce min, “Kin ga wannan karon ba mai kama ki. Kwamfuta tana bayanki.”

Na shiga ɗakin sanyin, na jawo kwali daga can ƙuryar da ya ce garau take, na ciro kaza ɗaya na sa a baho na ajiye a rana. Ban koma kujerata ba, a gefen bahon na zauna ina jira. Tun kafin ta gama saki ƙudaje suka ba ni amsa. Na kira mai tabarau na gaya mata, na kira jami'an duba abinci na ba su lambar kayan da ɗakin da suke. Ban san abin da za su yi ba, amma sun ji daga bakina.

Sannan na ɗauki bahon na bi ta tsakiyar ofis, mutane suna darewa, na shiga wurin Mai Turare na ɗora masa a kan tebur, a kan odar. Ya zabura ya lalubo hankici. Na ce masa ga kwafin da bai tsufa ba, ya karanta. Na ciro makullan sito daga wuyana na sa a cikin bahon.

Don haka aikin da na yi ta kuka a kai, da ƙafata na fito na bar shi. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba, ban san inda za mu dosa da yaran nan ba. Amma takardar wankewar tana hannuna, kuma babbar kukun asibitin ta aiko a ce min in je mu gana. Yau zan gaya wa Inna komai, na gaji da fita da safe kamar mai zuwa aiki.

In za ka zo hutu, kada ka sayo mana kaza. Ka sayo min takalmi, nawa yana can bakin kwata.

Yayarka